Ranar da Na Ce Ban Gane Ba a Lasifika

Har yau ban manta da yammacin da na riƙe makirfo a gaban ɗaki cike da mutane na ce musu ban gane ba. Ku da kuke fassarar finafinai yanzu a situdiyo, da kwamfuta da abin toshe kunne, kuna yawan tambayata me ya fitar da ni daga sana'ar tun tana jaririya. To ga shi zan faɗa muku, amma ku yi haƙuri da ni, ba na iya labari da gaggawa.

A lokacin sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba. Farar hula sun karɓi mulki, bangon gari duk hotunan 'yan siyasa. Ni kuwa masaƙar da nake wa aiki ta rufe, an sallame mu. A can na tsinci Turancina, wajen kai takardu ofis-ofis da sauraron injiniyoyi, na ƙara da ajin yamma na manya. Asalin karatuna na allo ne da na zaure, a wurin wani malami a Mandawari, Allah ya jiƙansa, kuma har gobe idan ina son abu ya zauna mini a kai, da ajami nake rubuta shi. Ina da mata da 'ya'ya, ga mahaifiyata a ɗaki. Aikin bayani a gidan kallo shi kaɗai ne yake ɗora tukunya a gidana a wancan lokacin.

Gidan kallon yana Gwammaja. Mai shi Alhaji Bashir ne, jikan Larabawan nan da kakanninsu suka ƙetaro hamada da fatauci suka zauna cikin birni. Yadi yake sayarwa a kasuwa, gidan kallon ƙari ne kawai. Da ya neme ni bai ɓoye mini dalili ba. An fara surutu a gari cewa gidajen kallo suna lalata tarbiyya, shi ne ya ce, "Malam Hadi, idan aka ga irinka a ciki, bakin mutane zai yi sanyi." Na ce na yarda bisa sharaɗi biyu: a tsaya idan an kira salla, kuma a tsallake duk wurin da bai dace ido ya gani ba. Ya ce ya ji.

Bari in bayyana yadda aikin yake, don da yawanku ba ku tarar da shi ba. A saman kowa akwai mai gida. Sai afareta, mai kula da bidiyo da talabijin da janareta. Sai mai tikiti a bakin ƙofa. Sai mai bayani, wato ni. Idan sabon kaset ya iso, da hantsi ni da afareta mukan rufe ƙofa mu kalle shi mu biyu. In nuna masa wuraren da zai tura gaba, ni kuma in rubuta wa kaina jerin abin da ya faru. Bayan la'asar a buɗe wa jama'a. Ana rage muryar fim ɗin kaɗan, ni ina gefen talabijin a kan kujera ina bin sa da Hausa: wane ya ce kaza, ga dalilin da ya sa wance take kuka. Ba a ɗaukar muryata a kan komai. Abin da na faɗa a ranar shi ne fim ɗin a wurin wanda ya zo a ranar.

Masu kallonmu kuwa maƙwabta ne: teloli, dukawa, marina, 'yan acaɓa, masu wankin hula. Abu biyu suke fara nema a kowane fim, wane ne akta, wane ne bos. Akta shi ne jarumi, bos shi ne mugun da za a kashe a ƙarshe. Idan ka ba su waɗannan biyun, sauran duk mai sauƙi ne.

Akwai wani fim na Turawa da ya yi mana farin jini ƙwarai. Labarin wani ƙaton kumbo ne mai tafiya sararin samaniya da aka loda wa irin shuka na duniya duka, gero da alkama da shinkafa da sauransu, don ƙasa ta mutu ba ta fitar da komai, za a kai irin wata duniyar a shuka. Shugaban tafiyar wani tsoho ne mai furfura, jama'a suka sa masa Dattijo. Matuƙin kumbon saurayi ne, suka sa masa Direba. Wasu halittu na ƙarfe suka tare su a hanya, aka gwabza, a ƙarshe Dattijo ya rufe kansa a wani ɗaki da su ya ɓalle ɗakin daga jikin kumbon, ya hallaka don iri ya tsira. Labari miƙaƙƙe, kowa ya gane. Akwai wani tsoho mai wankin hula a unguwar, Baba Ilu, wanda ba ya wuce bencin gaba. Ranar farko da ya ga mutuwar nan sai da ya share ido da hannun riga, ya ce, "Wannan ko ba musulmi ba ne, ya yi mutuwar maza." Ya dawo ya sake kallo har ban san adadi ba.

Saboda haka da labari ya zo cewa na biyu ya fito, unguwa ta ɗauka. Kullum sai an tare ni a hanyar masallaci: "Malam, yaushe Direba zai iso?"

Kaset ya iso ranar wata Laraba. Muka rufe ƙofa ni da afareta muka sa. Ba a jima da farawa ba na ajiye alƙalami. Ga Dattijo nan da ransa, yana shan shayi a cikin kumbon, kuma furfurarsa ta ragu. Ba wanda ya yi mamakin ganinsa a cikin fim ɗin. Can sai Direba ya buɗe wata ƙofa ya tarar da wani tsoho yana gyaran waya, ashe shi ne da kansa bayan ya tsufa. Can kuma ga shi yana yaro. Su ukun suka zauna suna gardama a kan ko a juya kumbon. Da suka isa duniyar da ake nema, sai suka tarar da ɓaraguzan kumbonsu a can tun tuni, irin ya tsiro ya zama daji. Babu halittun ƙarfe, babu wanda ake bi a kashe. Fim ya ƙare Direba yana tsaye a gaban wannan ƙofa, bai shiga ba, bai fasa ba.

Afareta ya dube ni ya ce, "Malam, ko dai kaset ɗin ne aka haɗa ba daidai ba?"

Muka mayar muka sake. Kaset lafiyarsa ƙalau. Kalmomin ina jin yawancinsu, amma abin da suke haɗuwa su zama ne ya gagare ni.

Da azahar na hau mota na tafi Ƙofar Kabuga wurin wani abokina, Malam Yusha'u, mai koyar da kimiyya a sakandare. Na kwashe labarin na faɗa masa. Ya ce akwai wani abu da masana suka tabbatar, cewa wanda ya yi tafiya da gudu mai tsananin gaske, lokaci yakan tafi masa a hankali fiye da wanda ya bari a gida, har ya dawo ya tarar da sa'o'insa sun tsufa shi bai tsufa ba. Na ce subhanallahi, na riƙe wannan. Na ce to mutum ya zauna da tsufansa da ƙuruciyarsa a tabarma ɗaya fa? Ya ce wannan ƙagen masu fim ne, suna nufin ƙofar tana kai mutum jiya ko gobe. Na ce to Dattijo, wanda muka ga ya hallaka?

Ya yi dariya ya ce, "Malam Hadi, yana yiwuwa kafin mutuwarsa aka koma, yana yiwuwa wani abu ne dabam. Ko su da suka shirya shi ban tabbata sun sani ba. Wataƙila sun ajiye amsar sai a na uku."

Daga nan na wuce kasuwa wurin Alhaji Bashir. Na same shi yana auna wa wata mata shadda. Da ta tafi na ce, "Alhaji, ina neman alfarma. A ɗaga fim ɗin nan zuwa mako mai zuwa, in ƙara bincike. Akwai wuraren da ban fahimta ba."

Ya ce, "Mako? Malam, wani gidan a Mandawari ya sami nasa kaset ɗin. Idan muka kwana biyu sun kwashe mana mutane. Gobe bayan la'asar za a sa."

Na ce, "To me zan ce musu a kan tsohon da ya mutu ya dawo?"

Ya ce, "Ka ce musu wani abu mana. Kai ne mai makirfo. Wa zai je ƙasar Turawa ya tambayo?"

Na yi masa sallama na tafi, ina ganin ina da mafita, don na san yadda ake yi idan an zo wurin da ya shige duhu. A zauren malaminmu, idan ana karatun littafi aka iso wata jimla da ta yi masa nauyi, yakan ɗaga kai ya ce, "Nan ban gane ba, Allah ne mafi sani, sai mun duba." Ba a taɓa yi masa dariya ba. Manyan mutane masu rawani sukan gyaɗa kai, girmansa ya ƙaru a idonsu, don sun san duk abin da ya ce ya gane, to ya gane ɗin. A haka aka rene ni. Ba ina haɗa littafin ilimi da fim ba ne, Allah ya tsare, amma ni a wurina amana ɗaya ce: mutum ya ba ka kunnensa a kan harshen da ba ya ji. Na ɗauka abin da ya yi kyau a zaure zai yi kyau a ko'ina.

Ranar Alhamis ɗakin ya cika har mutane suna tsaye a jikin bango. Baba Ilu yana bencinsa na gaba, ya sa sabuwar hula. Alhaji da kansa ya zo ya zauna kusa da ƙofa, abin da ba ya yi. Na yi bisimilla na fara.

Da fuskar Dattijo ta bayyana sai ɗakin ya ɗauki sowa. Baba Ilu ya juyo ya ce, "Malam, ba shi ne ya rasu ba?"

Na ce a lasifika, "Shi ne, Baba. Yadda aka yi ya dawo, fim ɗin bai faɗa ba tukuna. Mu bi shi a hankali."

Aka bi ni. Na fassara hirarsu daidai gwargwado. Na kawo bayanin Malam Yusha'u na tafiyar lokaci, na yi misali da matafiyin da ya dawo ya tarar ƙannensa sun yi furfura. Wasu suka ce ikon Allah. Har nan lafiya. Sai Direba ya buɗe ƙofar nan ya haɗu da tsufansa. Wani tela daga baya ya ɗaga murya: "Malam, wannan babansa ne?"

Na ce, "Ba babansa ba ne. Shi ne da kansa."

"To wannan yaron fa?"

"Shi ma shi ne."

"Kai! To wane ne bos a cikinsu?"

Na ce, "Ban ga bos a fim ɗin nan ba."

Guna-guni ya tashi. Wani ya ce fim ba bos ai miya ce ba gishiri, aka yi dariya. Na daure na ci gaba har aka zo inda Dattijo da tsohon Direba suke magana a kan wanda ya riga wani mutuwa. Na saurara iya saurarona. Sannan na ɗaga kai, kamar yadda na ga ana yi tun ina yaro, na ce, "Jama'a, nan ban gane ba. Allah ne mafi sani."

Na jira gyaɗa kai. Abin da na samu shi ne dariyar da ban taɓa jin irinta a kaina ba.

"Malam ya ɓata a sararin samaniya!"

"A kawo masa tsani ya sauko!"

"To mu da muka biya, wa zai gane mana?"

Baba Ilu bai yi dariya ba, kuma nasa ya fi yi mini ciwo. Ya matso ya ce a hankali, "Malam, don Allah abu ɗaya nake so. Mutumin nan ya mutu ko bai mutu ba? Na yi masa kuka fa." Na ce, "Baba, wallahi ban sani ba." Ya dube ni kamar wanda likita ya ƙi gaya wa ciwonsa, ya koma ya zauna.

Kiran magariba ne ya cece ni. Afareta ya tsayar da kaset, aka fita alwala. Alhaji Bashir ya ja ni gefe bayan janareta.

Ya ce, "Malam, me ka yi mini haka? Ka taɓa ganin mai shago ya ce wa mai saye ban san ko yadin nan zai yi zuba ba?"

Na ce, "Alhaji, idan bai sani ba fa?"

Ya ce, "Sai ya ce ba ya zuba! In ya zuba a dawo a yi ciniki. Ka ce tagwaye ne, ka ce aljani ne, ka ce mafarki yake yi. Ka rufe musu labarin su tafi gida."

Na ce, "Fim ɗin bai ce haka ba. Ba zan sa wa mutane magana a baki ba, ko da Turawa ne."

Ya ce, "To shi ke nan. Je ka yi sallarka."

Da muka idar na dawo, sai na tarar da mutum a kan kujerata. Habu ne, wani mai tallan maganin gargajiya da lasifika a bayan mota, wanda duk unguwa ta san bakinsa. Ya zo kallo ne kamar kowa. Turancinsa bai wuce na gaisuwa ba, kuma ko sau ɗaya bai ga fim ɗin ba kafin ranar. Alhaji ya nuna mini benci a baya da hannu, cikin ladabi, kamar yana ba baƙo wuri. Na zauna. Da na sani da na tafi gida.

Habu ya hura makirfo ya ce, "Jama'a ku gyara zama, an zo wurin! Wanda ya mutu a na ɗaya Hassan ne, Allah ya jiƙan maza. Wannan da kuke gani Usaini ne, ɗan'uwansa, baƙin mugu, tun suna ciki yake harbinsa. Shi ne bos!"

Ɗakin ya ɗauki tafi. Wani ya ce, "Ai tun da na ga idonsa na san ba shi ba ne!"

"Waɗannan biyun kuma masu kama da Direba, aljanu ne Usaini ya turo su rikita shi. Ku dubi kunnen tsohon, kunnen mutum ne wannan?"

Aka duba, aka yarda ba kunnen mutum ba ne. Da aka iso dajin da ya tsiro a sabuwar duniya, ya ce gonar Usaini ce, irin jama'a ya sace ya riga su shukawa, kamar yadda wasu suke yi da takin gwamnati. Nan ɗakin ya kusa tsagewa.

Akwai wuri guda kusa da ƙarshe wanda na gane shi sarai, kuma tun da hantsin Laraba nake ɗokin in fassara shi. Dattijo ya dafa kafaɗar Direba yana gaya masa cewa bai taɓa samun ɗa ba, amma da zai zaɓa, shi zai zaɓa, kuma kada ya ɗora wa kansa laifin abin da ya riga ya wuce. Ina jin Turancin yana fita ƙasa-ƙasa a ƙarƙashin muryar Habu. Habu kuwa cewa ya yi, "Kun ji abin da yake ce masa? Ya ce yaro, ko ka ba ni makullin kumbon nan ko in sha jininka!" Da suka rungumi juna ya ce rungumar munafunci ce, yana lalubar inda zai soka wuƙa. Baba Ilu ya miƙe tsaye yana nuna talabijin da yatsa yana cewa, "Allah ya isa tsakaninmu da kai, Usaini!"

Da fim ya ƙare Direba yana tsaye a bakin ƙofa, Habu ya ce gadinta yake kada bos ya tsere, a na uku zai yanka shi. Mutane suka fita suna murna, kowa ya gane.

Ba a kore ni da baki ba, ba a yin haka a cikin birni. Washegari Alhaji ya aiko a ce mini in ɗan huta, na sha fama, za a neme ni. Ba a neme ni ba. Na zaga wasu gidajen kallon, amma labari ya riga ni isa. A wani wurin mai tikiti yana ganina ya ce, "A'a, Malam Ban-gane-ba ne da kansa!" Damina ta wuce a gidana da ƙyar. Mahaifiyata ta sayar da akuyarta ba ta gaya mini ba sai daga baya. A ƙarshe wani ɗan'uwa ya sama mini tsaron shagon littattafai a bakin kasuwa, a nan na tsufa. Habu ya riƙe kujerar nan shekaru, ya yi suna, har daga wasu unguwanni ake zuwa jin sa.

Bayan an kwana biyu da barina gidan kallon, na kai wa Baba Ilu hulata wanki. Ya karɓe ni da mutunci, ya shimfiɗa mini buhu. Yana goga hula a kan gungume ya ce, "Malam, kada abin nan ya dame ka, kowa da inda Allah ya buɗa masa. Ai da ka lura da kyau, tagwaye ne. Shi na kirkin ya mutu tun a na ɗaya. Ni dai hankalina ya kwanta, kukana bai tafi a banza ba." Ya zauna ya warware mini fim ɗin tun daga farko har ƙarshe, da tausayi, yadda ake yi wa wanda karatu ya yi wa wuya. Ban gyara masa ba. Na ga abin da ya samu a wurin Habu, kuma ni ba ni da abin da zan ba shi a madadinsa.

Abin da na koya game da sana'ar nan ba mai daɗi ba ne, amma gara ku ji shi daga bakina. Mai kallo ya gaji da rashin sani tun daga gida: bai san ko za a kawo wuta ba, bai san ko alkawarin da aka yi masa ranar zaɓe zai cika ba. Idan ya zauna a benci, so yake wani ya gaya masa da ƙarfi ga mugu ga nagari, kuma zai fi son wanda bai yi shakka ba a kan wanda bai yi ƙarya ba. Mai gida ya san haka tun kafin ni, shi ya sa bai yi asarar ko kwana ɗaya ba. Ban ce muku ku zama Habu ba, ban kuma ce ku zama ni ba, don na san kuna da iyali. Amma duk ranar da kuka sa wa wani magana a baki saboda kun rasa gane tasa, ku sani mutumin da ke sauraronku ba shi da hanyar kama ku, kuma zai tafi da ita gida ya gaya wa 'ya'yansa a matsayin gaskiya. Ni an cire ni daga kujera saboda na ƙi yin haka, kuma har yau ba wanda ya zo ya ce mini na kyauta.